Wayar da Kuka Datse Tsakanin Gidana da na Yayana

Zuwa ga Alhaji Shugaban Kwamitin Tsaron Unguwarmu, a nan Gusau.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Alhaji yana lafiya, da iyali, da sauran dattawan kwamiti, da 'yan sintirinmu masu kwana a tsaye don mu kwana a kwance. Allah ya saka musu da alheri. Da wannan na fara don kada wani ya karanta rabi ya ruga ya ce Lawali Mai Hatsi ya fito rusa kwamiti. Ban fito rusa komai ba. Da ni aka zauna aka kafa shi, kuma duk wanda ya san halin da muke ciki a Zamfara ya san unguwar da ba ta da masu sa ido ta yi sakaci da kanta.

Za ka ce me ya hana ni zuwa gida mu yi magana a zaure, tunda tsakanin ƙofata da taka ko takalmi ba sai na sa ba. Dalili ɗaya ne, Alhaji. Abin da aka faɗa a kaina ba a zaure aka faɗe shi ba. A masallaci aka faɗe shi, a tsaye, jama'a na jin kowace kalma. Shi ya sa ni ma na kawo tawa fili, in ba ka labarin daga tushe, har da ɓangaren da ba ka tsaya ka tambaya ba.

Na farko: abin da ke kan gorar nan.

Sana'ata kowa ya sani. Ina shiga kasuwannin ƙauye, Nahuce, Magami, Wonaka, in gangara Tsafe, in leƙa Bungudu inda aka haife ni, in sayo gero da dawa da wake in kawo Gusau. Masu saye a hannuna da yawa ba su taɓa taka garin nan ba. Hoton ƙwaya nake tura musu, su gani, mu yi ciniki, in loda mota. Don haka na ajiye kwamfuta a ɗakina, na sayi ɗan akwatin intanet, wanda ake sa wa layi irin na wayar hannu ya raba wa na'urorin gida.

Sai dai lungunmu a kwari yake. Kai ma ka sani, don na sha ganin ka a kan dakalin mai shayi ka ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. A cikin ɗaki sabis ba ya shiga. Na gwada taga, na gwada kan katanga, na gwada kan rufin kaji. Inda ya kama shi ne sama, can sama. Sai na samo doguwar gora, na ɗaure akwatin a kanta, na yanke gindin wata jarka ruwan ɗorawa na kifa masa don ruwan sama, na ja masa wuta daga batirin sola. Shi ke nan abin da kuka gani yana ƙyafta ido da kore. Jarkar man gyaɗa ce, Alhaji. Har yanzu in ka sunsuna za ka ji.

A bayan akwatin akwai kafofi huɗu. Na sa shuɗiyar waya a ɗaya ta sauko ɗakina. Na sa wata doguwa a ta biyu, na ɗaga ta yadda ko motar itace ba za ta taɓa ta ba, ta tsallaka lungu ta shiga ta tagar ɗakin yayana, Malam Bello, wanda gidansa ke kallon nawa. A nan maganar take.

Na biyu: dalilin da ya sa wayar ta tsallaka lungu.

Matasan kwamiti ba lallai su san Yaya Bello yana tsaye da ƙafafunsa ba, amma kai ka san shi. Direba ne, na gaske, wanda ya ci hanyar Gusau zuwa Tsafe zuwa Funtuwa har ya san kowane rami da sunansa. 'Yan kasuwa kan bar mota uku su wuce don su jira tasa. Taya ta fashe masa da lodi gab da Tsafe, motar ta kwanta, ya fitar da fasinjansa duka da rai, shi kuma bayansa ya taɓu. Daga ƙugu zuwa ƙasa babu.

Ciwon bai kashe shi ba. Abin da ya nemi kashe shi sannu ce. Mutum ya shigo, ya tsuguna, ya karkace kai, ya ce sannu Malam Bello, Allah ya sa kaffara ce. Wani ya fita wani ya shigo, sannu. Mutumin da ya saba a ce masa direba taka mu tafi, ya koma abin da ake leƙowa a girgiza kai. Ran nan ya ce wa matarsa, Yaya Asabe, ta saki labule, kuma duk wanda ya zo dubiya a ce ya yi barci. Abokansa na tasha suka yi ta zuwa har suka gaji. Liman ya zo, aka ce ya yi barci. Ni kaina, uwa ɗaya uba ɗaya, in na shiga na gaishe shi sai ya ce lafiya, ya juya fuska bango. Damina ta wuce a haka, rani ya wuce, wata daminar ta shigo.

Wata rana na kai kwamfutata gyara cikin gari, na tarar da mai shagon da abokinsa, manya da gemu, kowa a gaban tasa na'urar suna tseren mota, suna ihu kamar a tasha. Na duba, na ga waya ɗaya ce ta haɗa su. Na tambaya, ya nuna mini: in kwamfuta biyu suna shan intanet daga akwati ɗaya, to sun zama 'yan gida ɗaya, suna ganin juna. Ɗaya ya buɗe tsere, ɗayan ya shigo. Ya ce abin lura kawai, kwamfuta tana da mai gadinta a ciki da ke hana baƙo shiga, sai ka gaya masa wannan ɗan'uwa ne, a bar shi. Na tsaya a shagon nan ina kallon motoci, amma Yaya nake gani.

Na sayi wata kwamfutar ta hannu, da ɗan sitiyarin roba mai giya da birki duk a yatsa, ba ruwansa da ƙafa. Na san in na ce masa na kawo maka abin ɗebe kewa, ta taga zai jefo ni da ita. Don haka na shiga da kayan na ce ɓeraye sun dame ni, suna cin wayoyi, ya taimaka ya ajiye mini a ɗakinsa. Na jona komai, na kunna tseren, na ce ina gwadawa ne in ga ko ta lalace a hanya. Na kama sitiyari na shiga kwana da gudu na daki bango. Na sake, na faɗa rami. Ina jin numfashinsa a bayana yana canzawa. A karo na gaba bai iya daurewa ba. Ya ce, "Kai Lawali, ana shiga kwana da ƙafa kan mai? Wa ya koya maka wanga haukan? Miƙo nan."

Na miƙa. Na fita na bar shi.

Daga nan abin ya zauna. Ranar da ba ni da kasuwa, bayan La'asar, sai in ga filashin ɗinsa a wayata. Ma'ana ya buɗe tsere, in shigo. Ni a ɗakina, shi a nasa, lungu a tsakani. Kuma kada ka ce raga masa nake yi. Da dukan ƙarfina nake tuƙi, shi ne dai ba a kamawa. In ya wuce ni sai in ji muryarsa ta taga, har masu tallan ƙosai na tsayawa: "Mai hatsi, sauka ka tura! Ko jaki aka ba ka sai ka kai shi gareji!" A cikin wasan nan babu mai ce masa sannu. Direba ne, kuma shi ne a gaba. Ya koma cin abinci. Ya sa aka kira wanzami. Da safe yana shiga intanet ya kalli yadda ake kwance inji, ya yi ta nuna wa makanikan kuskurensu, su da ba sa jin sa. Labulen ƙofa dai bai ɗaga wa masu dubiya ba tukuna, ni kuma ban matsa ba.

Na uku: abin da kuka yi.

Ranar wata Talata ina Nahuce ina awo, ka zo da 'yan sintiri. Ba ka kira ni ba, alhali lambata tana wayarka, don kai kake tura mini sanarwar taro. Matata ta yi magana daga bayan ƙofa, ta ce na wasa ne da na kasuwa, a jira mai gidan. Aka ce mata mata ba su san irin wannan ba. Aka sa adda aka datse wayar a tsakiyar lungu, aka kwantar da gora, aka tafi da akwati har da jarkarsa.

Da a nan kuka tsaya, da na dawo mun yi dariya. Amma da aka idar da Magariba ka miƙe a gaban sahu, ka ce jama'a su yi hattara, an gano wani mai yawon kasuwannin ƙauye ya kafa na'ura a sama, kuma wayarta ta shiga wani ɗaki da ba a barin kowa ya shiga. Ka ce ba ka kama suna ba. Alhaji, mu nawa ne a lungun nan masu yawon kasuwannin ƙauye da gora a tsakar gida? Ko ɗan yaye ya san wa ake nufi.

Kuma ka san kalmar da mutane suka ɗora a kai tun kafin su sa takalma. Infoma. Mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Kai da kanka ka san abin da wannan kalma take yi wa mutum a ƙasar nan. Ba a kai ta kotu. Ba a jiran shaida. Wanda aka liƙa wa ita, in ya yi sa'a ya rasa kasuwa, in bai yi sa'a ba a tare shi a hanya, kuma waɗanda za su tare shi suna ganin aikin lada suke yi.

Ga abin da na gani da idona. Na iso majalisar mai shayi, hira ta mutu kamar an zare batir. A kasuwar Bungudu, garin da aka yanke mini cibiya, dillalin da muka yi shekaru muna cin tuwo kwano ɗaya ya hango ni ya shige bayan rumfa. Wani dattijo daga rugar da nake sayen dawa a wurinsu ya ja ni gefe ya ce, don Allah kada in zo wajensu kwanan nan, ba don ya yarda ba, sai don kada a ce da su ake yi. Direban da ke ɗaukar mini kaya ya ce motarsa ta lalace, na kuwa gan ta da lodin wani tana fita gari. Na daina bin hanyar Magami gaba ɗaya. Matata ta daina zuwa suna da biki. Wannan duka a kan jarkar man gyaɗa.

Na huɗu: yadda aka soka wa buhun ƙarfe.

Ban zo na yi maka rantsuwa ba, ka lura? A kasuwa na girma. Wanda ya fi kowa rantsuwa a kan buhu shi ne wanda ya zuba tsakuwa a gindi. Mu in ana gardama a kan abin da ke cikin buhu, ba a doguwar magana. Akwai ɗan ƙarfe mai rami da muke soka masa, sama da tsakiya da ƙasa, ƙwaya ta zubo a tafin hannu kowa ya gani. Abin da na je na roƙi Mai Unguwa ke nan. Na ce ranka ya daɗe, kada a yarda da ni. A maido akwatin a kafa shi yadda yake, a zo da shaidu, kuma Alhaji Shugaba ya zaɓo masanin kwamfuta da kansa, wanda ni ban taɓa shan ruwa da shi ba.

Mai Unguwa ya ce magana ta yi. Kai kuma ka kawo sharaɗi, kuma ba zan ɓoye ba, sharaɗin ya kama ni a wuya. Ka ce sai shaidu sun bi wayar har inda ta ƙare, sun shiga ɗakin da ake rufewa.

Na dawo gida na zauna. In buɗe labulen da Yaya ya saki, in tara masa dattawan unguwa su tsaya a kansa, don in wanke kaina? Na yanke a raina ba zan tambaye shi ba. Shi a saninsa iska ce ta kayar da gora, haka na gaya masa. Na fara tunanin in sayar da abin da ke sito in koma wani gari da ba a san ni ba.

Yaya Asabe ce ta fasa. Ta gaji da ganin ana nuna gidajenmu da baki, ta zayyana masa komai. Sai ga filashin ɗinsa a wayata, alhali babu tsere. Na tsallaka. Na same shi ya jingina da bango, ido ja. Ya ce, "Ashe har an kai ga haka kana rufe ni? Ni ka mayar yaro?" Na fara kame-kame. Ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ƙafa na rasa, ban rasa ƙane ba. Asabe, a share ɗakin nan, a shimfiɗa tabarmi, a ɗauko mini babbar rigata. Kai kuma je ka ce su zo. Duka. Har mai addar."

Alhaji, ka zo ranar Asabar ɗin da aka sa, da hantsi, ka ga abin da ya faru, amma bari in maimaita don waɗanda ba su samu shiga lungun ba, tunda ranar har kan katanga mutane suka hau.

Ka zo da Malam Nasiru, malamin kwamfuta na makarantar sakandare, surukinka. Na ji daɗin zaɓin, don ba wanda zai ce na saye shi. Mutumin kirki, bai kalli fuskata ba bai kalli taka ba. Ya sa sababbin kawuna a wayar da aka datse ya haɗe ta, aka ɗaga gora, kore ya kama. Ya kama wayar da hannu tun daga jarka, ya bi ta har ɗakina. Ya dawo ya bi ɗayar, ya tsallaka lungu, Liman da Mai Unguwa na biye da shi, har ƙofar da aka ce ba a shiga. Labule a ɗage. Yaya na zaune cikin farar riga da hula, ya yi ƙamshi. Kafin kowa ya buɗe baki ya ce, "Wanda duk ya ce mini sannu, waje. Wanda ya zo kallon tuƙi, ga tabarma." Liman ya yi dariya har ya riƙe ƙofa, ya ce to direba, mun zo kallon tuƙi.

Suka ta farko ke nan: waya ba ta je ko'ina ba sai ɗaki biyu na 'yan'uwa biyu.

Ta biyu ita ce ta fi yi mini daɗi. Malam Nasiru ya sa aka sauko da akwatin, ya zare layin da ke ciki, ya ɗora a tafin Liman, Liman ya jefa a aljihu. Ya ce yanzu wannan akwati ba ya iya magana da kowa a duniya, ko da gidan da ke bayan wannan. Ya ce a kunna wasan. Aka kunna, motoci biyu suka fito a layi, tawa da ta Yaya, suna jiran tuta. Ya ce kun gani, abin da ke tafiya a wayar nan tsakanin ɗakin nan da wancan yake yawo, ba ya fita lungu.

Ta uku, aka mayar da layi, ya zauna ya bincike kwamfutocin biyu a gabanku, ya buɗe duk inda aka taɓa shiga. Ya samu hotunan wake. Ya samu hotunan gero. Ya samu wani bature yana kwance giyar babbar mota. Ya ɗago ya ce maka, da ladabinsa na suruki, Baba, intanet ɗin da ke cikin jarkar nan shi ne wanda ke cikin aljihunka, bambancin kawai nasa ya hau gora.

Da an tashi a nan ma ya isa. Amma Yaya ya aiko daga ɗakinsa cewa shi ba a tara masa jama'a a watse ba tsere, kuma wanda ya sara wayar shi yake so. Ɗan'azumi ke nan, shugaban 'yan sintiri, wanda kullum yake ba mu labarin yadda yake kwantar da babur a kwana. Jama'a suka tura shi ɗakina, ya zauna a kujerata, kai kana tsaye a bayansa. Aka saki tuta.

Ni ina tsakiyar lungu, ina jin ɗakuna biyu lokaci guda. Daga nawa ina jin ana cewa Ɗan'azumi birki, birki, kai ka shiga gonar mutane! Daga na Yaya kuwa muryar Liman ce ta fi ta kowa, mutumin da ko a huɗuba ba ya ɗaga murya, yana cewa kwana Malam Bello, kwana, ga shi nan ka cim masa! Ashe Yaya ya zagayo fili ya riske shi ta baya. Ya bi shi a hankali kamar mai rakiya, ya yi masa hon, sannan ya wuce. Ya leƙo da murya ta taga ya ce, "Ɗan'azumi, adda ka iya, bar wa masu shi sitiyari!" Lungu ya ɗauka da sowa. Mata na guɗa daga cikin gidaje. Shi kansa Ɗan'azumi ya fito yana dariya yana share zufa, ya tsallaka ya durƙusa a gaban Yaya ya nemi gafara, ya kuma roƙi a sake ko sau ɗaya. Mai Unguwa ya tsaya a bakin ƙofa ya ce shi bai ga komai a nan ba sai zumunci, a bar gora inda take.

Tun ranar labulen bai sake sauka ba. 'Yan tasha sun dawo, layi suke yi. Kuma bari in gaya maka wani abu da zai ba ka dariya ko haushi: cikin dattawan da suka raka ka kayar da gorar nan, har an samu waɗanda suka same ni a gefe suna tambaya ko wayar za ta iya kaiwa gidajensu, tunda sun ji kafofin huɗu ne biyu kawai na cike. Ba zan kama suna ba. Ni in na ce ban kama suna ba, da gaske ba a ganewa.

Na biyar: abin da ya rage.

Da taro ya watse ka kama hannuna a zaurena, ka sunkuyo, ka ce a yi haƙuri Lawali, aikin tsaro ne. Na ji, kuma na yaba, don ba kowane babba ke iya wannan ba. Amma ni kaɗai na ji, sai ƙadangaren da ke kan bango. Waɗanda suka hau katanga ranar Asabar 'yan unguwa ne. Mutanen Nahuce ba su zo ba. Dillalin Bungudu bai zo ba. Dattijon ruga bai zo ba. Su maganar farko ce ta isa gare su, kuma ta isa da sunan Shugaban Kwamiti a jikinta, shi ya sa ta yi nauyi. In na je na ce musu an wanke ni, za su ce mai kaya ne ke yabon kayansa. Har yau ban koma hanyar Magami ba, ga kaka ta matso.

Saboda haka ga buƙatuna, kuma ba su da yawa.

Ka tsaya inda ka tsaya, bayan sallar da ka zaɓa wancan karon, da muryar da ka yi amfani da ita, ka ce an bincika ba a samu komai ba. Wannan karon ka kama suna. Lawali Mai Hatsi, ƙanen Malam Bello direba.

Ka aika wa shugabannin 'yan hatsi na Bungudu da Tsafe, da bakin mutumin da suka san naka ne, su sanar a rumfuna. Su za su kai ta ƙauye, sun fi rediyo sauri.

Kwamiti ya sa wa kansa doka: in an ga abin da ba a gane ba a gidan mutum, a kira shi a tambaye shi kafin a hau mumbari da shi. Gobe wani zai ɗaga farantin sola ko tankin ruwa mai wata siffa, kuma ba kowa ke da yaya irin nawa ba.

Ban nemi a biya ni waya ba, ban nemi a biya ni kasuwannin da na rasa ba. Na yafe wannan tun a zaure.

Na gaya wa Yaya zan rubuto maka, na kuma ce Magaribar Juma'ar nan nake so a yi ta. Sai ya ce a je sito a ciro keken guragun da 'yan tasha suka haɗa suka saya masa tun yana asibiti, wanda ya rantse ba zai taɓa hawa ba. An ciro, an wanke, an sa wa tayoyin iska. Jiya ya gwada shi a tsakar gida, ya ce sitiyarin banza ne amma zai kai shi masallaci. Ya ce da kunnensa yake so ya ji an faɗi sunan ƙanensa. Don haka in ka miƙe ranar Juma'a ka duba ƙarshen sahun farko ta wajen ƙofa, za ka gan mu mu biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a zaune. Mutumin da ya ƙi fitowa don Liman, ya ƙi fitowa don abokansa, zai fito don maganarka. Kada ka bar shi ya koma da kunne wayam.

Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon riƙe amanar da jama'a suka ɗora maka, ya tsare ka daga sharrin mai kawo rahoto ba bincike. Allah ya tsare 'yan sintirinmu, ya kare ƙauyukanmu da hanyoyinmu, ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara baki ɗaya. Amin.

Wassalam.

Naka mai girmama ka,
Lawali Mai Hatsi,
Gusau.